Wanda Ya Fi Mu Gudu a Hanyar Kagoro

A shekarar 1987 ina da shekara ashirin da uku, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare da ke gefen Kafanchan. Abin da na mallaka bai wuce akwatin kwano ɗaya, da littafin waƙoƙin majami'a, da baƙin keken da mahaifina ya bar mini lokacin da gwiwoyinsa suka gaji da feda ba. Shekarar ce garin ya rikice. Ba labarin rikicin zan bayar ba. Abin da zan ce kawai shi ne, bayan wuta ta mutu mutane sun koma kasuwa, amma ba su koma gaisawa kamar da ba. Mahaucin da na saba sayen nama a wurinsa ya riƙa miƙo mini ƙunshi yana kallon wani gefe.

Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wani tsoho mai gyaran keke a gindin mangwaro. Kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe yana aikin ƙarfe a reluwe kafin ya yi ritaya, kuma a zamanin ƙuruciyarsa ya yi tseren keke a wasannin ma'aikata. A ɗakinsa akwai keke guda rataye a bango, shuɗi, tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, ga giya har goma. Ya saye shi ne daga hannun wani injiniya da zai koma ƙasarsu. Ba mai taɓa shi. Ko matarsa in za ta share ɗakin sai ta kewaye shi.

Wata rana yana yi mini faci, sai ya dubi ƙwaurina ya ce, “Ticha, wannan ƙafa taka ta banza ce kawai? Daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa coci?”

Na ce, “To ina kuma za ta, Baba?”

Ya ce, “Ka zo ran Asabar da safe. Ka cire kariya da ƙararrawa da duk wani ƙarfe da ba ya tura keke gaba.”

Mu tara muka hallara ranar. Akwai tela, akwai masinjan kotu, akwai 'ya'yan ma'aikatan reluwe, duk a kan baƙaƙen kekuna irin na manoma da muka tuɓe su suka koma kamar figaggun kaji. Baba ya zana mana hanya a ƙasa da tsinke. Za mu tashi daga bakin tasha, mu bi kwalta har Kagoro. Daga can mu saki kwalta mu kama wata hanyar ƙafa da ke hawa gefen dutse, tsakanin manyan duwatsu da gonakin acca, har zuwa gindin wani ɓaure inda wata tsohuwa ke sayar da kunu. Ita za ta ja wa kowa layi da alli a bayan hannu, shaidar ya kai. Ni na riƙa kawo allin daga makaranta. Daga nan sai gangara, sai kwalta, sai gida. Wanda ya zo na ɗaya ba ya samun komai sai shayi da burodi, da izinin ya hau shuɗin keken ya kewaye filin tasha sau ɗaya, Baba yana biye da shi da ido kamar an ɗauki jaririnsa.

Asabar biyar a jere ni na ci. Har na fara tafiya a cikin gari ina buɗa hannuwa.

A ta shida, ina gaba, na kama hawan dutsen ina numfashi kamar zuga-zugi, sai na ji ƙarar sarƙa a bayana. Na ɗauka telan ne. Da na waiwaya sai na ga wani Bafillace dogo, da malafa a rataye a wuya, da buhun kanwar shanu ɗaure a bayan kekensa. Ya ce, “Sannu Malam, ɗan ba ni hanya.” Na kauce. Ya wuce ni a zaune, bai ko tashi tsaye a kan feda ba. Kafin in kai ɓauren ya ɓace.

Tsohuwa mai kunu ce ta gaya mini rugarsu tana bayan dutsen, kuma kullum ta nan yake bi. Da na faɗa wa Baba sai ya ajiye sifana ya ce, “Da buhu?” Na ce da buhu. Sai ya ce in je in kawo masa shi.

Na yi kwana uku ina juya maganar. A lokacin ba a cika ganin ɗan majami'a ya nufi ruga shi kaɗai ba, kuma mahaifiyata ta ce in na je kada in sha ko ruwa. Na je, na sha nono har ƙwarya biyu. Rugar tasu ba ta masu tashi ba ce. Suna da ɗakunan ƙasa, da gonar masara, da lemun da suka dasa ya girma. Shi Bafillacen ya girme ni da shekara biyu, yana da mata da 'ya ɗaya. Da na yi masa bayanin tseren sai ya yi dariya har ya riƙe ciki.

“Wato ku yi ta gudu, ba mai korar ku, ba kuma abin da kuke kora?”

Na ce haka ne.

Ya ce, “To zan zo in gani.”

Ya zo, ya cire buhun, ya ci. Daga wannan Asabar har shekara uku ba wanda ya ƙara shan shayin Baba sai shi, in ban da ranar da saniyarsu ta yi naƙuda bai zo ba. Ni na koma na biyu, kuma tsakanin na ɗaya da na biyu akwai tazarar da mutum zai ci tuwo ya wanke hannu. Da farko abin ya ƙona mini rai. Daga baya na daina jin haushi, don ba a jin haushin ruwan sama. A kwalta ina iya manne masa na ɗan lokaci. Amma da mun shiga hanyar ƙafa sai ya zama wani abu dabam. Ya san kowane dutse da kowace saiwa. Inda mu za mu sauka mu saɓa keke a kafaɗa, shi sai ya ɗan ɗaga tayar gaba ya haye. A gangara kuwa ban taɓa ganin ya matse birki kafin kwana ba, sai dai ya saukar da ƙafa ɗaya tana sharar ƙasa.

Mutane suka fara tsayawa a bakin hanya ranar Asabar. 'Yan zumuntar mata ta coci da ke dawowa daga koyon waƙa su tsaya, mahauta su fito da wuƙaƙensu a hannu, duk suna jiran malafar nan ta ɓullo daga kwanar ƙarshe. Ba zan ce tseren ya gyara garin ba, bai gyara ba. Amma na ɗan mintocin nan kowa gefe ɗaya yake kallo.

Muka shaƙu. Ran Lahadi bayan sujada nakan same shi, mu tafi har Kwoi, wani lokacin mu zarce Nok ta hanyoyin gonakin citta. In lokacin sallarsa ya yi sai in riƙe kekunan a inuwa in jira. Shi ya koya mini in daina kallon dutsen da nake tsoro, in kalli inda nake son taya ta bi. Ni kuma na yi ƙoƙarin koya masa karatun boko, muka tsaya a rubuta sunansa.

A shekara ta biyu Baba ya sauke shuɗin keken daga bango ya ce daga yau shi zai riƙa hawa. Ranar matar Baba ta fito ƙofa ta tsaya tana kallo, hannu a baki. Baba ya kuma sa ni rubuta wasiƙu zuwa Kaduna, ga masu shirya gasar keke. Yana faɗa da Hausa ina mayarwa Turanci: muna da mutum a nan, ku zo ku gani. Mun aika sun fi goma. A shekara ta uku amsa ta zo. Za a yi gwaji a Kaduna, za a ɗauki mutum ɗaya daga kowace shiyya a kai sansanin horo, daga nan a tafi gasar ƙasa. An ce mu kawo mutum biyu.

Baba ya ce ta jirgi za mu tafi, don shi bai yarda da mota ba. Muka wuni a tasha tun safe, jirgi bai zo ba, kuma ba wanda ya san inda yake. Baba ya riƙa shiga ofis yana fitowa, tsofaffin yaransa na aiki suna sunkuyar da kai. Washegari muka hau motar citta ta Kachia, mu biyu a kan buhuna muna rungume da kekuna, ƙamshin cittar yana sa mu atishawa har unguwar Sabon Tasha a Kaduna. Baba bai biyo mu ba, bayansa ba zai ɗauki wannan tafiya ba.

A gidan yayata muka sauka, tana aikin jinya a can. Da ta ga baƙon sai ta kamo kaza ta miƙa masa da wuƙa ta ce, “Yanka da kanka, don ka ci da kwanciyar rai.” Har yau in na tuna yayata, wannan nake fara tunawa.

Wurin gwajin mun tarar da 'yan birni da hulunan kwano da gajerun wanduna masu kama jiki. Abokina yana sanye da dogon wando da ya ɗaure ƙafarsa da roba. Suka yi ta dariya, wani ya tambaye shi ina ya baro shanun. Ni aka ara mini wani tsohon keken tsere daga sito, sirdinsa kamar an zauna a kan guduma. Aka busa usur. Abokina bai san dabarar tseren taro ba, inda kowa ke laɓewa a bayan wani don iska ta rage masa. Shi dai ya fita gaba ya yi ta tuƙi, su kuma suka jeru a bayansa kamar 'yan tsaki. Haka ya ja su tun daga farko. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zubewa, har saura mutum guda, wanda ya laɓe masa har zuwa ƙarshe sannan ya fito ya wuce shi da tsawon taya. Wannan duk labari aka ba ni. Ni lokacin ina can baya, na zo na ashirin da wani abu, ina ganin duhu-duhu.

Mai horarwar, wani kakkauran mutum da usur a wuya, ya kewaye abokina sau biyu yana kallon ƙafafunsa. Ya ce, “A ina kuka ɓoye wannan?” Sannan ya ce gurbin shiyyarmu nasa ne, ba gardama. Abu ɗaya ya rage: ya kawo takardar shaidar cewa shi ɗan asalin yankin ne, cikin mako biyu. Ni na ce wannan ai mai sauƙi ne, don wanda ke buga hatimi a ofishin da ake bayar da ita kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, dattijo a majami'armu.

A hanyar dawowa abokina ya yi ta waƙa da Fillanci a kan motar. Ya tambaye ni ko gaskiya ne a gasar ƙasa ana zuwa har bakin teku. Na ce wataƙila. Ya ce yana so ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa.

Ran Litinin muka je ofishin mu uku, har da Baba da sandarsa. Kawu ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo benci. Ya ɗauko fom ya gyara tabarau.

“A ina aka haife ka?”

“A bayan dutsen Kagoro, ranka ya daɗe.”

“Babanka fa?”

“Nan shi ma.”

“Kakanka?”

Abokina ya ce kakansa ya zo da shanu daga gabas tun yana saurayi, kuma kabarinsa yana nan bayan rugarsu, in ana so a je a gani. Kawu ya ajiye biro a hankali. Ya ce to, sai an kawo wasiƙa daga mai unguwa, a kai wa hakimi ya sa hannu, sannan a dawo. Mai unguwa ya san abokina tun yana goye, matarsa a wurinsu take sayen man shanu. Ya ce ba matsala, a dawo gobe. Gobe ya tafi jana'iza. Jibi magatakardansa ba ya nan. Haka muka yi ta zirga-zirga, abokina yana barin kiwo yana zuwa da sassafe ya zauna a dakalin ƙofar gidan. Ba wanda ya ce masa a'a. Kowa yana gaishe shi, ana ba shi ruwa.

Saura kwana biyu wa'adin ya cika, Kawu ya aiko in same shi ni kaɗai. Ya rufe ƙofar ofis.

Ya ce, “Ɗana, ka daina wahalar da yaron nan. Ba za a ba shi ba.”

Na ce, “Kawu, keke ne fa kawai. Tsere zai je ya yi da sunan yankinmu.”

Ya ce, “Kai keke kake gani. Takardar nan ba a rubuta keke a jikinta ba. Yau in na buga masa, gobe da ita za a zo neman fili, jibi a zo neman sarauta. Mutanenmu za su ce ni na buɗe ƙofa. Ina da 'ya'ya a garin nan.” Ya cire tabarau ya murza idanu. “Ban ce yaron yana da laifi ba. Ubangiji ya sani ban ce ba.”

Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wata takarda ya tura gabana. Sunana ne a jiki, da hatimi, har tawada ta bushe. Ya ce ai gurbin na shiyya ne, kuma mutum biyu suka je gwaji. In na ɗaya bai cika sharaɗi ba, na biyu ne. In kuma na ƙi, gurbin ya tafi wani wuri, ba wanda ya amfana.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa na yi gardama sosai a ɗakin nan. Yanzu da na tsufa zan faɗi gaskiya. Ban fi minti biyar ba. Na ninke takardar na sa a aljihun riga, kuma ina saukowa daga matakalar ofishin murna nake yi, ina tunanin yadda zan faɗa wa 'yan ajina.

Baba na fara gaya wa. Yana ɗaure wayoyin wata taya, bai ɗago ba. Ya ce, “Ka faɗa masa da bakinka.” Na ce to. Ban je ba. Washegari da yamma ina zaune a ƙofar ɗakina sai ga abokina yana turo shuɗin keken, ya wanke shi tas, ya shafa wa sarƙar mai. Wani ya riga ya kai masa labari.

Na miƙe na fara kame-kame. Ya ɗaga hannu.

“Malam, kawo sifana. Sirdin ya yi maka tsawo.”

Ya sa na hau, ya duba yadda gwiwata ke lanƙwashewa, ya sauke sirdin, ya sake dubawa. Ya ce birkin gaba yana cizo da ƙarfi, kada in matse shi a gangara. Ya ce in sun jeru kada in yi wautar da ya yi, in laɓe a bayan wani. Sannan ya ce zai koma kafin magariba, shanu suna jira. Ya tafi a ƙasa, don baƙin kekensa yana ruga. Na tsaya riƙe da keken ina kallon bayansa, ban ko ce ya bari in kai shi ba.

Sansanin horon a ɗakin kwanan wata makaranta aka yi shi. Mun yi mako uku muna cin gari da wake. Da mai horarwar ya gan ni ya tambaye ni ina dogon nan, na ce takarda ce ba ta samu ba, ya yi tsaki ya juya. Sau huɗu kawai ya fito da mu kan hanya, kuma kullum ni ne na ƙarshe. A fita ta huɗu na faɗa wani rami a kwalta, ƙarfen da ke canja giya ya karye gida biyu. Na zaga duk masu sayar da kayan keke, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Bayan kwana biyu aka tara mu aka ce an ɗage gasar, kowa ya koma gida sai an neme shi. Aka ba mu riga da wando na motsa jiki. Ba a sake neman kowa ba.

Na dawo Kafanchan da keken a kan rufin mota. Baba ya ɗauki karyayyen ƙarfen ya juya shi a tafin hannu ya daɗe. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya rage tsawon sarƙar ya ɗaure ta a giya ɗaya. Keken ya ci gaba da tafiya, amma ya zama kamar sauran.

Tseren Asabar bai mutu nan take ba, ramewa ya yi. Taya ta yi tsadar da mutum zai yi ta faci a kan faci, wasu har suna cusa ciyawa a ciki. Jirage suka ƙara ƙaranci, 'ya'yan ma'aikatan reluwe suka watse neman abin yi. Telan ya sami babur ya koma ɗaukar fasinja. Muka koma mu biyar, muka koma mu uku. Abokina bai fasa zuwa ba, a kan baƙin kekensa, don ya ƙi sake karɓar shuɗin. Bai taɓa ta da maganar takardar ba, ni ma ban tayar ba. Muna gaisawa, muna tsere, yana ci. Yawon Lahadi ne ya tsaya, ba tare da wani ya ce a tsaya ba.

A 1992 aka sake yin wata fitinar a arewa da mu, wadda ta fi ta farko muni. Ba ta iso rugarsu ba, amma jita-jita ta iso. Aka wayi gari an sassare musu shanu biyu a ƙafa, ba a san wanda ya yi ba. Wata Asabar cikin damina muka fito mu biyu kawai. Baba ya busa usur ɗinsa duk da haka. Da na kai gindin ɓaure sai na tarar da abokina a zaune a kan saiwa, keke a jingine. Bai taɓa jira na ba sai ranar.

Ya ce, “Za mu tashi, Malam.”

Na ce, “Zuwa ina?”

“Wajen Jere. Akwai dangin mahaifiyata. Tsohona ya ce ba zai jira a zo a same shi a kan tabarma ba.”

Na ce ai abin zai lafa, kullum yana lafawa. Na ce mai unguwa ba zai bari a taɓa su ba. Ya dube ni kawai, na ji kunyar abin da na faɗa. Na tambaye shi gonar fa, da lemun. Ya ce wani maƙwabcinsu zai riƙa nomawa, sun yi magana. Na tambaye shi kabarin kakansa. Ya ce, “Shi ai ba mai tashinsa.”

Ya miƙe ya karkaɗe wando. Hanyar ta jiƙe, jar laka tana santsi, na ce mu sauka a hankali. Ya ce to. Yana hawa sai ya saki keken gaba ɗaya. Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba, kuma ba mai kallo sai ni da tsohuwa mai kunu, wadda ta dafe ƙirji tana kiran sunan Yesu. Da na isa tasha ya riga ya gaisa da Baba ya wuce. Cikin makon suka tashi.

Ni da masinjan kotu muka ƙara yin Asabar uku ko huɗu, sannan muka bari. Baba ya rasu bayan shekara biyu. Ɗansa ya zo daga Legas ya kwashe kayan ɗakin, ban san inda shuɗin keken ya ƙare ba. Na yi aure, aka yi mini canjin makaranta, na yi tumbi.

Wajen ƙarshen shekarun nan na casa'in ina hanyar Abuja neman wata takardar aiki, motarmu ta yi faci a Jere. Muka sauka muka tsaya a bakin titi, masu talla suka yanyame mu. Can gefe wasu mutane suna loda doya a babbar mota, suna jefa wa juna. Wanda ke ƙasa dogo ne, yana ɗingishi in ya juya. Na daɗe ina kallonsa kafin na yarda shi ne. Ya rame, gemunsa ya fara fari, ga shi ko arba'in bai kai ba.

Shi ya fara magana. “Malam!” Ya goge hannu a riga ya kama nawa da hannu biyu. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi yayata ta Sabon Tasha. Na gaya masa Baba ya rasu, ya yi masa addu'a. Na tambayi shanu. Ya ce ciwo ya shiga garken shekarar da suka zo, ƙasar ba ta karɓe su ba, abin da ya saura aka sayar aka yi jinyar tsohonsa, shi ma ya tafi. Ƙafar kuma daga kan mota ya faɗo bara, aka ɗora ta a gida, ta kama a karkace.

Na ce, “Kana hawa har yanzu?”

Ya ce gwiwar ba ta lanƙwashewa.

Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce, “Maganar Kadunan nan, tun lokacin nake so in ce maka...”

Ya ce, “Wace Kaduna?” Ya yi ɗan murmushi yana kallon bayana. “Malam, motarku za ta tashi.”

Gaskiya ne, direba yana ta oda. Ya ɗingisa ya je ya yi magana da mai doyar, ya dawo da manya guda biyu ya ɗora mini a hannu, ya ce in kai wa iyali. Na rubuta masa sunan makarantata a gefen wata takarda na ce in ya shigo Kafanchan ya neme ni. Ya karɓa ya ninke ya sa a hula. Mai lodin da ke saman mota ya daka masa tsawa, ya koma bakin aikinsa.

Bai zo ba. Da hutun Kirsimeti na shekarar da ta biyo baya na hau mota musamman na je Jere. Na tambayi masu lodi, na tambayi mai shayin wurin. Wani ya ce ya koma wajen Neja, wani ya ce a'a, kudu ya yi da iyalinsa, wani kuma ya ce dogayen Fulani masu ɗingishi ai suna da yawa. Na zauna a bencin mai shayin har la'asar ina kallon manyan motoci suna wucewa, sannan na tsallaka titi na nemi motar gida.